Wa Zai Zo In Ka Kwanta?



An nemi in yi magana kan abin da ke kawo wa mutum farin ciki mai ɗorewa da kwanciyar hankali. Amsar tana nan kusa da mu, mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Ku bi titin Zariya da la'asar, ku tsaya a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano lokacin dubiya. Ga mata ɗauke da kular tuwo da fulas ɗin kunu, ga dattijo da tabarma a hammata zai kwana wajen ƙanensa, ga saurayi ya sauko daga Adaidaita Sahu da ledar lemo. A ciki kuma za ku tarar da gadaje biyu dab da juna, ciwo ɗaya, magani ɗaya. Wannan an kewaye shi ana ta "sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wancan ya juya fuskarsa bango, tun safe ba wanda ya leƙo shi. Ba sai an gaya muku wanda hankalinsa ya fi kwanciya ba.

Masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, daga baya suka haɗa da yaran unguwannin talakawa na Boston, maza 724 ke nan, har tsufansu. Robert Waldinger, wanda ke jagorantar binciken, ya bayyana cewa gamsuwar da mutum ke samu daga zamansa da mutanensa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna irin lafiyar da zai kai shekara 80 da ita. Iyayenmu da suka dage kan zumunci ba su jira wannan sakamako ba.

Ba na raina kuɗi. Wanda bai ɗora tukunya ba, ba a fara masa da wa'azin wadar zuci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa gaisuwa Hotoro ko Unguwa Uku ma sai an yi lissafin kuɗin mota. Wannan ne ke damuna matuƙa, don tsadar rayuwa ta fara cin zumuncin kansa. Dubiya ta koma saƙo a WhatsApp, katanga na ƙara tsawo, akan yi wa maƙwabci rasuwa sai ka ga rumfa sannan ka sani.

Ku dubi 'yan adashen kasuwar Tarauni. Ranar da wata ba ta kawo zubi ba, kafin a yi maganar kuɗi sai an aika gidanta a ji ko lafiya. Wannan aiken da ake yi mata shi ke sa ta barci da daddare.

Waɗanda na fi ji wa su ne baƙinmu: ɗalibai, ma'aikatan jinya, da samarin da suka kama ɗaki ɗaya a bayan Court Road, iyayensu na can ƙauye. Ina roƙon masu unguwanni da limamanmu su san sunayensu. Bayan sallar Asuba, a riƙa faɗin wanda ke kwance a layin, ɗan gida ne ko ɗan haya, a wakilta mutum biyu su je kafin Azahar.