Jawabin Shugabar Mata: Haƙƙi a Takarda Daban, Haƙƙi a Hannu Daban

Ga jawabinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda ba su samu sauraron saƙon murya ba. Wacce ta iya karatu, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau Amurka za mu leƙa. Kar wata ta ce ina ruwan biri da gada. Tsarin shugaban ƙasa da majalisa biyu da Najeriya ta ɗauka a 1979, a can aka samo samfurinsa, don haka ya kamata mu san yadda matan can suka kwashe da shi.

Ranar 4 ga Yuli 1776, a birnin Filadelfiya, wakilan yankuna 13 da Ingila ke mulka suka fitar da takardar shelar 'yancin kai. Thomas Jefferson ne ya tsara ta. Maganganun ciki masu daɗin ji ne: an halicci mutane daidai, kowa yana da haƙƙin rayuwa da 'yanci da neman jin daɗinsa, kuma gwamnati ba ta da wani iko sai wanda jama'a suka yarje mata. A 1787 suka rubuta tsarin mulki, suka raba iko gida uku, masu yin doka, masu zartarwa da kotu, don kada ɓangare ɗaya ya haɗiye sauran. A 1791 suka ƙara gyara guda 10, ciki har da 'yancin addini da na magana da na taro da na kai kuka ga gwamnati.

To amma fa shi Jefferson ɗin da ya rubuta cewa mutane daidai suke, ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin kuma ya ce wajen rabon kujerun majalisa, bayi biyar a ƙirga su a matsayin mutum uku. Wato ana ƙirga kan bawa don jihar ubangidansa ta samu ƙarin kujera, shi kuwa bawan ko ƙuri'a ba shi da ita. Matar aure ma a wancan lokacin, dukiyarta da ladan aikinta a hannun mijinta doka ta sa su.

Ba wai matan sun yi shiru ba ne. Tun a watan Maris 1776, Abigail Adams ta rubuta wa mijinta John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, ta ce in za su tsara sababbin dokoki su tuna da mata. Ya mayar da maganar abin raha. A jihar New Jersey mata masu dukiya sun samu yin zaɓe na wasu shekaru, sai a 1807 majalisar jihar ta zauna ta ƙwace. Kun ji fa, an ba su, kuma an karɓe.

Inda lamarin ya fara juyawa shi ne gwagwarmayar hana bauta. Mata sun yi ruwa sun yi tsaki a cikinta, su ne tara kuɗi, su ne bi gida-gida neman sa hannu a takardun koke. A 1840 aka kira babban taron yaƙi da bauta a Landan. Wakilai mata suka ƙetare teku daga Amurka, suna isa aka ce ba za su zauna cikin wakilai ba, sai dai a gefe su yi kallo. A nan Lucretia Mott da Elizabeth Cady Stanton suka haɗu, abin ya tsaya musu a rai.

Bayan shekara takwas, a watan Yuli 1848, suka kira taron mata a wani ƙaramin gari, Seneca Falls. Kimanin mutum 300 suka halarta. Dabarar da suka yi ita ce ta fi burge ni. Ba su ƙirƙiro wata sabuwar hujja ba. Takardar 1776 ɗin nan da maza ke tinƙaho da ita suka ɗauko, suka sake rubuta ta, suka saka mata a inda aka bar su. Wato ga maganarku, ku cika ta. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68, maza 32. Batun ƙuri'a har wasu matan sai da suka ji tsoronsa, suna ganin za a yi musu dariya. Frederick Douglass, wanda shi kansa gudowa ya yi daga bauta, ya miƙe ya goyi baya, sannan ƙudurin ya wuce.

Ga kuma Sojourner Truth, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Aka sayar da ƙaramin ɗanta zuwa Alabama ba bisa doka ba. Ba ta zauna tana kuka kawai ba, kotu ta nufa, a 1828 ta yi nasara aka dawo mata da ɗanta. Daga baya ta zama mai jawabi a tarukan hana bauta da na mata. Duk wacce ke cewa ni ban yi boko ba, me zan faɗa a taro, to ga amsarki.

Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a soke bauta. A 1870 aka gyara tsarin mulki, aka ce ba za a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa ba. Mata fa? Aka ce su yi haƙuri, lokacinsu bai yi ba. Wannan kalmar mun san ta, ko ba haka ba? A 1872 Susan B. Anthony ta je ta jefa ƙuri'a a garin Rochester, aka kama ta, kotu ta ci ta tarar dala 100, ta ce ko sisi ba za ta biya ba, kuma ba ta biya ɗin ba.

Sai a 1920 tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata ƙuri'a, shekara 72 bayan taron Seneca Falls. Jihar ƙarshe da ake buƙata ita ce Tennessee, kuma da ƙuri'a ɗaya tak abin ya wuce a majalisarta. Wani matashin ɗan majalisa, Harry Burn, mai shekara 24, shi ya sauya ra'ayi bayan mahaifiyarsa ta aiko masa da wasiƙa. Iyaye mata, kun ga nauyin bakinku ke nan. Su kuwa baƙaƙen fata a kudancin ƙasar, maza da mata, aka ci gaba da tare su da harajin zaɓe da jarrabawar karatu har zuwa dokar 1965.

Mu ma nan ba daga sama ƙuri'armu ta faɗo ba. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana, kuma matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976. Tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 42, ya hana nuna bambanci saboda mutum mace ce ko namiji. A rubuce yake. Amma bayan zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata ba su kai biyar ba. Ranar gangami mu ake ƙirgawa, ranar rabon kujera a ce mu yi haƙuri.

Saboda haka ga aikinmu na wannan watan. Kowace shugabar mazaɓa ta bi matan unguwarta ta tabbatar wa ke da katin zaɓe a hannu, wa bai karɓa ba, ta turo mana sunayen. A nemo kundin tsarin jam'iyya, a karanta shi a zamanku na gaba, a ja layi ƙarƙashin duk inda aka ambaci mata, don ranar da za mu nemi haƙƙinmu mu nema da shafi da lamba. Taron mazaɓa kuma a riƙa zuwa a kan lokaci, a zauna har a tashi, domin a nan ake fitar da deleget. Mazajenmu da 'ya'yanmu maza a yi musu bayani cikin ladabi, muna buƙatar irin su Douglass a cikinsu.

Allah ya yi mana jagora, ya bar zumunci. A tura wa sauran 'yan'uwa mata.