Kififiya a Kan Titin Hunkuyi

(Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai)



Wata rana da farkon damina na tashi daga Zariya a kan babur, na bi ta Basawa za ni Hunkuyi. Daidai wata fadamar rake sai na hango wani abu kamar faifai a tsakiyar titi. Da na matso, ashe kififiya ce, watau irin kunkurun nan na ruwa mai taushin baya da dogon wuya. Na sauka na miƙa hannu zan ɗauke ta, sai ta wurgo wuya ta kai mini cizo, saura ƙiris na rasa yatsa.

Wani dattijo da ke noma a gefen hanya ya ce, "Yaro, ja da baya, ba a yi mata haka." Ya shimfiɗa buhu, ya tura ta kai da ƙotar fartanya. Na ce, "Baba, mu mai da ita fadama." Ya girgiza kai ya ce, "Inda ta sa gaba can za mu kai ta. In ka mai da ita baya, kafin ka isa Hunkuyi ta sake hawa titi." Muka ja buhun muka tsallakar da ita.

To, jama'a, dabbar da kuka gani a kan titi ba ɓata ta yi ba. Ko dai sabon ruwa ta ke nema, ko kuwa mace ce mai neman wurin saka ƙwai. Hanyarta ta girmi tamu, mu ne muka shimfiɗa kwalta a kanta.

Akwai wata 'yar'uwarta mai cizo a Amurka da Kanada. A Kanada takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, kuma yawancin ƙwan dabbobi ne ke tonewa su cinye. Saboda haka in mota ta take uwa guda, an yi hasarar zuriyar shekaru masu yawa. A 2017 lardin Ontariyo ya hana farautarta. Kififiyoyinmu na Afirka kuwa, a taron Johannesburg na 2016 aka sa su cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Nijeriya ma ta kafa Doka ta 11 a 1985 domin kare namun dajin da ke neman ƙarewa. Amma fa doka ba ta taka wa direba birki.

Don haka ga roƙona. Ku rage gudu kusa da fadama, musamman da damina. In za ku taimaka, ku fara duba lafiyarku, ku ajiye abin hawa a gefe. Kada ku ɗaga ta ta wutsiya, kada ku kai hannu kusa da kanta, kada kuma ku kai ta gida. Ku wanke hannu bayan kun gama.

Waɗanda za su kama aiki a ma'aikatar ayyuka kuwa, in aka kawo muku taswirar titin da zai ratsa fadama, ku tuna da kwalbati mai faɗi: ruwa ya wuce, dabba ma ta wuce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.