Ɗaura Farantin Sola A Kan Rufin Mota Da Na Ɗaki

 Yawancinku kun san motar asibitin da muke zagaya ƙauyuka da ita, kun kuma ga farantan sola biyu a samanta. Tun da wasu ikkilisiyoyi sun soma tara kuɗi domin su sa irinsu a ɗakin shan magani, mun ga ya kamata mu faɗa muku inda muka yi tuntuɓe.

A cikin motar akwai ƙaramin firji na maganin rigakafin yara. Dole ne maganin ya zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. In ya yi zafi ba a yi wa yaro allura da shi, zubarwa ake yi.

Da farko wani mai walda muka ba aikin. Ya huda rufin motar wuri takwas, ya kwantar da farantan dab da ƙarfe, ya zura waya ta wani rami ba ko roba. Da damina ta sauka ruwa ya riƙa ɗiga mana a ka, muka ɗauke shi abin dariya. Ashe gargadar hanya tana goga wayar a bakin ƙarfe har ta tsinke, batir ya ƙare cikin dare ba wanda ya sani. Da safe muka iske iyaye mata sun yi layi da goyo, wasu daga nesa da ƙafa, muka buɗe firji muka ji shi da ɗumi. Haka muka ba su haƙuri suka koma. Laifin namu ne, domin ba mu tsaya a kan aikin ba.

Da muka sake ɗaurawa, sai muka sa kariya ta ƙarfe muka ɗaure farantan a kanta ta ramukan da kamfani ya riga ya huda a gefensu, kowace ƙusa da noti biyu, domin iska tana neman ɗaga faranti in mota na gudu. Muka bar tazarar yatsu huɗu a ƙarƙashi. Mutane suna zaton zafi ne ke ba da wuta. A'a, haske ne. In faranti ya wuce digiri 25, kowane ƙarin digiri 10 yana rage wutarsa da kamar kashi 4 cikin 100, shi ya sa yake bukatar iska ta ratsa ƙasansa. Rami ɗaya tak muka bari na waya, da zoben roba da gam na silikon, muka sa fis kusa da batir. A haɗa batir da na'urar caji tukuna, faranti daga baya.

Sai inuwa. Ƙananan gidajen da kuke gani a fuskar faranti a jere suke kamar sarƙa, in tabarma ko jarka ta rufe ɗaya, sauran ma sun ragu. Yaron motarmu ya sha faɗa a kan wannan.

Mota takan juya ko'ina, don haka namu a kwance suke. Na ɗaki kuwa ya fuskanci kudu, a jingine kamar digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya wanke shi. Ƙusa ta kama katakon rufi, kada ta tsaya a kwano kaɗai, in ba haka ba iskar farkon damina za ta tafi da su duka. Da hunturu a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Ikkilisiyar da ta sayi nata, ta dakata da hudar rufi har ranar da motar za ta zo, mu hau tare da mai aikinku mu duba.