Bindiga da Abincinta: Darasi Daga Tarihin Iyakar Gobir



Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a duba wata tsohuwar tambaya wadda ta sha tasowa a gaban sarakuna da jarumawa da masu riƙe da baitulmali, watau idan dukiya ta ƙaranta, hanyoyin fatauci kuma suka toshe, me ya fi cancanta a fara saye, sabuwar bindiga ko kuwa albarushi da harsashin da za a ciyar da wadda ake da ita? Za a nemi amsar ne a tarihin ƙasar da ke gabashin Sakkwato, inda Sabon Birni da Isa da ƙauyuka irin su Kurawa suke, domin yanki ne da ya shafe kusan dukan ƙarni na 19 yana iyakar yaƙi. Daga nan za a leƙa wasu ƙasashe don a gwada, sa'an nan a dawo gida.

Ƙasar da ake magana a kanta

Alƙalawa, babban birnin Gobir a ƙarni na 18, tana cikin ƙasar Sabon Birni ta yau, a kwarin Gulbin Rima. Masu jihadi sun ci ta a shekarar 1808, Sarkin Gobir Yunfa kuma ya rasu a wannan yaƙi. Amma faɗuwar birnin ba ta kawo ƙarshen gaba ba. Gobirawa sun yi ta tayar da ƙayar baya har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, wanda bayansa suka kafa sabuwar hedkwata a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da magadansa kuwa suka dogara ga ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa a cikinsu don tsaron iyaka, Isa kuma tana cikin irin waɗannan garuruwa. Sabon Birni ta kafu ne daga baya, a hannun Ɗan Halima, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarautar Gobir. Mutanen da suka zauna a tsakanin waɗannan ganuwoyi sun san cewa kowane rani yana iya zuwa da hari, saboda haka tanadin kayan yaƙi a wurinsu ya zama kamar tanadin hatsi a rumbu.

Abin da aka gani a Konya

A watan Oktoba na 1826 Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iske rundunar Sarkin Musulmi Bello tana shirin faɗa wa Konya, inda Gobirawa suka kafa sansaninsu a lokacin. Ya kwana tare da rundunar, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani. A ƙiyasinsa mayaƙan sun kai dubun-dubata, amma bindigogin da ke hannunsu gaba ɗaya ba su cika 50 ba. Sauran duk masu baka ne da masu mashi da takobi, da barade, da 'yan lifida.

Abu biyu ne suka fi jan hankali a labarinsa. Na farko, mutanen cikin birni ba su yi ta ɓarin kibau barkatai ba, sai sun ga wanda za su samu sa'an nan su saki. Na biyu, akwai wata bindiga guda a cikin ganuwar wadda ta yi wa mahayan dawaki ɓarna ƙwarai, har ta hana 'yan lifida kusantar ƙofa. Rundunar ta janye ba ta ci garin ba. Bai dace a ce bindiga ɗaya ce ta kori dubban mutane ba, gama ganuwa da gwalalo da ƙarancin ruwan sha duk sun taka rawa. Amma abin lura shi ne, wanda aka kewaye ya san iyakar abin da ke cikin kwarinsa da gorar albarushinsa, ya kuma yi aiki da wannan sani.

Me ya sa baka ya daɗe bai ba bindiga wuri ba?

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan sashe na Afirka. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno yake da 'yan bindiga. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Kumbari, Babba Zaki kuma ya kafa dogarai masu bindiga. Duk da haka, da baka da kibiya jama'ar Shehu Usmanu suka rinjayi dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. Akan ce jahilci ne ko ra'ayin riƙau ya hana mutane rungumar bindiga. Wannan magana ba ta yi wa magabata adalci ba, domin lissafi ne suka yi, lissafin kuma daidai yake da halin da suke ciki.

Duk abin da kibiya take bukata yana nan a ƙofar gida. Kyauro yana fadama, maƙeri yana cikin gari, kwankwanin da ake haɗa dafi da shi yana daji. Kibiyar da aka harba ma akan tsince ta a gyara a mayar cikin kwari. Bindigar wancan zamani kuwa bakinta da yawa. Tana son albarushi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Gawayi da gishirin ana samunsu a gida, amma farar wuta akasari sai ayarin raƙuma ya kawo ta daga arewa. Tana son ƙanƙarar da ke ba da wuta, tana son dalma, in babu dalma a cusa mata guntayen ƙarfe ko tsakuwa, abin da ke rage mata saiti yana kuma cin bututunta. Damina tana lalata albarushi. In wani abu ya karye a jikinta sai an sami maƙerin da ya san ta. Ashe kuwa sarkin da ya sayi bindiga 100 bai gama sayayya ba, ya ɗauko wa kansa bashin da zai riƙa biya kowace shekara ne. Haka doki yake, wanda ya saye shi bai tanadi harawa da dawa ba, ya sayi abin kallo.

Waɗanda suka gane da wuri

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya shahara da tara bindigogi, amma abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa shi ne ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birninsa. Ya yi amfani da matsayin Damagaram a kan hanyar Tarabulus ya riƙa samun abin da ba ya samuwa a gida, sauran kuma ya dogara ga masu sana'arsa. Da haka ƙaramar masarauta ta zama abin tsoro ga Kano da garuruwan da ke kewaye.

A can yamma, Samori Ture ya riƙa sayen bindigogin zamani ta hanyar Saliyo. Da Faransawa suka datse wannan hanya a farkon shekarun 1890, abin da ya cece shi na ɗan lokaci shi ne maƙeransa, waɗanda suka koyi gyaran bindigogi da sake cika kwanson harsashi. Mayaƙansa sukan tsince kwanson da aka harba su mayar wa maƙera. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya jure har zuwa 1898 kafin a kama shi.

Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya fi kowa a wannan yanki horarrun 'yan bindiga. Amma babbar damuwarsa a shekarun mulkinsa ita ce inda zai sami albarushi da harsashi, domin Sakkwato ta hana fatauci da shi, Kamfanin Neja na Turawan Ingila kuma bai yarda ya sayar masa ba. Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilu na 1900.

Tarkon bindigar zamani

A nan akwai wani abu da ya kamata ɗalibin tarihi ya riƙe. Tsohuwar bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta da zaɓen abinci, kowane albarushi aka ba ta za ta ci. Sabbin da ake ɗurawa ta baya, irin su Snider da Martini-Henry da Gras da Winchester, kowace da nata harsashi, na wannan ba ya shiga waccan. Sarkin da ya tara iri biyar ya ɗaura wa kansa igiya biyar, kowace kuma bakinta yana hannun Bature a gaɓar teku. Turawa sun san haka sarai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka, aka bar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogi da albarushin kasuwa.

Da sojojin Lugard suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, akan danganta nasararsu ga bindigar Maxim mai ruwan harsashi. Gaskiya ne, amma a bayan kowace Maxim akwai dogon layin 'yan dako ɗauke da akwatunan harsashi a ka, tun daga Zungeru, a bayansu akwai jiragen ruwa a kan Kwara, a bayan jiragen kuma akwai masana'antun Ingila. Wannan layi shi ne abin da sarakunan ƙasar Hausa ba su da irinsa. Bayan haka ne yarjejeniyoyin Ingila da Faransa suka raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa wancan ɓangare, Sabon Birni da Isa suka faɗo wannan.

Kada a ɗauka wannan cuta ta matalauta ce kaɗai. A 1915 Ingila kanta ta sami kanta da igwa masu yawa a fagen daga babu isassun harsasan da za a ɗura musu, abin ya zama rikicin siyasa har aka kafa ma'aikata ta musamman a ƙarƙashin Lloyd George. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta yi wa Yukiren alkawarin harsasan igwa miliyan ɗaya cikin shekara guda, wa'adin ya cika ba a cika alkawarin ba, domin masana'antun ba su da ƙarfin hakan.

Dawowa gida

Ƙasar Sabon Birni da Isa ta sake zama fagen tashin hankali. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da yawa a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini guda. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Manoma sun bar gonaki, wasu sun ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi, ta hanyoyin da kakanninsu suka bi.

Darasin tarihi a nan fuska biyu gare shi. Ta fuskar farko, ɗan fashin daji ma yana da igiyar da ta ɗaure shi. Bindigarsa tana iya shekara da shekaru tana aiki, amma harsashi yana ƙarewa a kowane hari, haka man babur. Matakan da jihohin Zamfara da Sakkwato suka ɗauka a watan Satumba na 2021, na hana sayar da mai a jarka da katse layukan waya, sun nufi wannan igiya ne, ko da yake talakawa sun sha wuyarsu ƙwarai, matsalar kuma ba ta kau ba. Ƙwace bindiga goma abin yabo ne, amma gano wanda yake safarar harsashi da inda yake samo shi ya fi shi tasiri. Wannan ya haɗa da kula da ma'ajiyar hukuma kanta, a ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ta fuska ta biyu, mai tsaron jama'a bai kamata a tura shi bakin daga da bindiga sabuwa fil da aljihu wofi ba. Nijeriya ta kafa masana'antar kayan yaƙi a Kaduna tun 1964 domin kada ta dogara ga waje a kan irin wannan bukata. Ya rage ga masu tsara kasafi su tambayi kansu ko kuɗin da ake warewa yana bin wannan manufa.

Kammalawa

Ma'aikatan hukuma da ke wannan zaure, mafi yawansu ba za su taɓa sa hannu a takardar sayen makami ba. Amma za su sa hannu a ta sayen motoci da injinan ban ruwa da na'urorin asibiti. Sabon kaya yana da farin jini, ana taro a kansa, ana ɗaukar hoto. Man inji da kayan gyara da albashin makaniki ba mai yi musu kiɗa, shi ya sa su ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza, har a wayi gari harabar ma'aikata ta cika da motocin da ba abin da ya kwantar da su sai ƙaramin ƙarfe guda. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, sun kuma ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a amince da sayen sabo, ya kamata a fara tambayar me wanda ake da shi yake ci, daga ina abincin nasa yake zuwa, wata nawa kuma za a iya jurewa idan hanyar ta toshe. Mutanen Konya sun yi wannan lissafi a 1826, ganuwarsu kuma ta tsaya a wannan rana.

Allah ya zaunar da ƙasar Gobir da sauran ƙasa lafiya.