Sakamakon awo daga wurin ɗiba yake farawa

Iyayenmu mata da 'yan'uwa na New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala.

Mace kan yi awo a ce mata lafiya lau, alhali ƙwayar cutar kilamidiya tana kwance a bakin mahaifarta. Yawancin matan da suka kamu da ita ba sa jin ciwo, ba sa ganin alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sabon kamu kusan miliyan 129. Idan cutar ta daɗe ba magani, takan hau zuwa hanyoyin ƙwai ta toshe su, ta jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. Jariri ma kan ɗauka wajen haihuwa, ta taɓa masa ido ko huhu.

Wannan ƙwaya a cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe ramin bakin mahaifa take zaune. Saboda haka idan ungozoma ko likita za su ɗiba, sai sun share majinar da ke waje tukuna, sannan su shigar da tsinken auduga cikin ramin kamar santimita 1 zuwa 2, su juya shi na ɗan lokaci har ya kankaro fata. In majina kawai aka shafo, awon zai iya fitowa babu komai.

Ki kuma lura da irin awon. Shafin da ake yi don neman sankarar bakin mahaifa ba a dogara da shi wajen gano kilamidiya. Awon jini tabon tsohon kamu yake iya nunawa, ko bayan an warke. Mafi inganci shi ne PCR. Da shi kina iya ɗiba da hannunki daga farji, ko ki ba da farkon zubar fitsari bayan kin riƙe shi awa ɗaya.

Idan kin je asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie, ki tambayi wane awo za a yi miki da kuma inda za a ɗiba. Kada ki wanke ciki da sabulu ko ki yi matsi kafin tafiya.

In an sami cutar, tana da magani. Amma sai maigida ya sha, kishiya ma ta sha, in ba haka ba za ta dawo.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka.