Haƙƙin Mata Masu Sussuka: Jawabi Ga Matasan Ɗankaza

Bayan hamdala da salati, Malam ya ja hankalin 'yan'uwa kan raunanan matan da ke tsinkar gyaɗa da sussuka a gonakin masu hali. Ya ce mace za ta wuni tana sheƙa, a sallame ta da ɗan awo. Ran Juma'a dillali ya kai buhun kasuwar Wudil ya kwashe riba, 'yarta kuwa tana yawon tallan ƙuli-ƙuli.

Ya ce tauye lada zalunci ne, haka hana zakkar hatsin da ya kai nisabi: ɗaya cikin 10 na damina, ɗaya cikin 20 na ban-ruwa. Sannan ya tambayi matasan: wanene cikinsu ya taɓa biyan ƙanwarsa ladan sussuka?