Jawabi A Kan Wutar Lantarki Ta Nukiliya

Yau zancen wutar lantarki za mu yi, wadda kowa ke so ya samu da araha, kuma kada ta riƙa ɗaukewa.

To, ku dubi Faransa. A shekarar 1973 kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ga shi kuwa ƙasar ba ta da rijiyoyin mai na kirki. Sai Firayim Minista Pierre Messmer ya fito a 1974 da shirin gina tashoshin nukiliya. Kafin shekara ashirin sun kafa injuna fiye da hamsin. Yau wajen kashi biyu cikin uku na wutarsu daga nan take fitowa, har suna sayar wa maƙwabta. Injin nan ba ya ƙona kwal ko gas. Ƙwayar yuraniyom ce ke tsagewa ta ba da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Saboda haka babu hayaƙin nan mai ɗumama duniya, kuma dare da rana yana aiki, rani da damina.

Amma fa kada a ruɗe mu. Sabon injin Flamanville an fara gininsa a 2007, aka ce shekara biyar ya isa, kuɗinsa yuro biliyan 3 da 'yan kai. Bai ba da wuta ba sai Disamba 2024, kuɗin kuwa ya kai biliyan 13. Ga kuma tokar da ke saura, gubarta ta shekaru dubbai ce.

Wani abin takaici, tun 1971 aka fara haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar, aka yi shekara da shekaru ana kai wa Faransa, alhali mafi yawan mutanen Nijar ba su da wuta a gida. Mai kaza bai ci ko ƙafa ba!

Mu ba mu ƙi nukiliya ba. Amma tun da Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, muna so kafin a ɗora tubali ko ɗaya a kawo takardar gaban Majalisa a karanta. A gaya mana nawa ne kuɗin, wa zai biya in ya zarce, ina za a binne tokar, kuma nawa mai injin niƙa zai biya a wata.